Daga Kano Zuwa Gabashin Ingila, Inda Ake Tunawa Da Sojojin Saman Amurka

Tafiyar da ta kai ni gabashin Ingila asalinta ta zumunci ce. Matar ƙanena, wanda yake aikin jinya a birnin Norwich, ta haihu, dangi kuma suka ga ya kamata wani babba ya je ya ga jaririya a madadin kowa, sai abin ya faɗo kaina. Amma tun ranar da biza ta fito na ƙudurta cewa ba zan dawo ba sai na ga filayen da jiragen Amurka masu ruwan bama-bamai suka riƙa tashi a Yaƙin Duniya na Biyu, da wuraren da aka ajiye sunayen waɗanda suka tashi ba su dawo ba. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma Kano tana da nata rabon a wannan labari, domin daga 1940 aka buɗe hanyar jiragen yaƙi wadda ta taso daga Takoradi a ƙasar Gana ta yau, ta bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, ta ratsa El Fasher da Khartum har Masar. Da Amurka ta shiga yaƙin, jiragenta da suka nufi Gabas ta Tsakiya da Indiya sun sha sauka Kano shan mai. Waɗanda suka yi yaƙi daga Ingila wasu hanyoyin suka bi, amma irin jiragen ɗaya ne, samarin da ke cikinsu kuma sa'o'in juna ne.

Na bar gida bayan sallar asuba a farkon watan Oktoba, damina tana haramar tafiya, dawa ta fitar da kai a gonakin Kwanar Ɗangora. Tsakanin Kano da Kaduna mun tsaya a shingayen jami'an tsaro da dama, a mafi yawansu direba ya ɗaga hannu ne kawai muka wuce, a ɗaya kuma aka sa muka buɗe but aka tambayi mai jakar da ke warin daddawa, na ce tawa ce, aka yi dariya aka sallame mu. Tsarabar da matar ƙanena ta yi odar ta ke nan: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishi kuwa a gida na bar shi, domin dokar Ingila ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama daga ƙasashenmu ba. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, na kwana wurin wani abokina, washegari muka tashi, bayan awa shida da wani abu muka sauka Heathrow.

Jami'ar shige da fice ta tambaye ni inda zan zauna, da aikin da nake yi, da ranar komawata, ta dubi takardar gayyatar ƙanena ta bar ni na wuce. Daga filin jirgin akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Liverpool Street kai tsaye, daga can kuma zuwa Norwich bai cika awa biyu ba. Abin da na fara lura da shi ta taga, bayan mun fita daga hayaniyar Landan, shi ne shimfiɗewar ƙasar: babu tudu balle dutse, sai gonaki da aka riga aka girbe da hasumiyoyin tsofaffin coci-coci jefi-jefi. Wannan shimfiɗewa, da kusancin yankin da gaɓar Turai, su suka sa aka cika shi da filayen jirage tsakanin 1942 da 1944, har ta kai tsakanin wani fili da wani bai wuce 'yan kilomitoci ba.

Kwanakin farko na iyali ne, na ga jaririya, na isar da saƙonni, na ci miyar kuka a ƙasar da ba ta san itacen kuka ba. Bayan sallar Juma'a a masallacin Ihsan da ke tsakiyar gari, ƙanena ya raka ni wani katafaren gini mai bangon gilashi da ake kira Forum, inda babban ɗakin karatu na birnin yake. A cikinsa akwai wani sashe da sojojin runduna ta biyu ta Rundunar Sama ta Takwas ta Amurka suka kafa da kuɗin da suka tara daga aljihunsu a 1945, kafin su koma gida. Maimakon su gina gunki, sai suka zaɓi ɗakin karatu, wanda aka buɗe a 1963, gobara ta cinye shi a 1994 tare da ainihin kundin sunayen mamatansu, aka sake gina shi a wannan wuri a 2001. Kundin da ke nan yanzu yana ɗauke da sunaye kusan 7,000, yawancinsu mutanen da suka yi aiki da jiragen ruwan bama-bamai samfurin B-24 daga filayen da ke kewaye da Norwich. A nan na karanta labarin harin 1 ga Agusta 1943, lokacin da aka aro ƙungiyoyi uku daga wannan yanki aka kai su Bengazi a Libiya, suka haɗu da wasu suka tashi da jirage sama da 170 don su ƙona matatun man Ploesti a Romaniya, suna tafiya ƙasa-ƙasa dab da bututun hayaƙin matatun. Jirage fiye da 50 ba su dawo ba, mutum sama da 300 suka mutu a yini guda. A teburin da ke gefena wata yarinya tana aikin makarantarta, wani tsoho kuma yana gyangyaɗi a kan jarida, na ga hikimar waɗanda suka zaɓi ɗakin karatu, domin wuri ne da ƙafa ba ta ɗaukewa.

Ranar Asabar ƙanena ba ya aiki, sai muka ɗauki motarsa muka nufi kudu, wajen garin Diss, zuwa ƙauyen Thorpe Abbotts. Hanyar ƙarshe siririya ce, shingen ganye ya rufe ta dama da hagu, idan mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya ta nemi wurin raɓewa. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, shekarata nawa a garin nan ban taɓa jin sunan wurin nan ba, kai daga zuwanka ka jawo ni daji." Na ce masa ai shi ya sa ake aiko babba.

Abin da ya rage na filin kaɗan ne. An farfasa yawancin titunan jiragen, ƙasa ta koma hannun manoma, sai hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, wadda mutanen yankin suka fara gyarawa da hannunsu a ƙarshen shekarun 1970 bayan ta zama kango, suka mai da ita gidan tarihi. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da wurin, ba a biyan kuɗin shiga, sai akwatin taimako a bakin ƙofa. Nan ne mazaunin ƙungiya ta 100 mai jiragen B-17, wadda ta kai hare-hare 306 daga Yuni 1943 zuwa Afrilu 1945, ta kuma yi suna saboda yadda asararta take zuwa a dunƙule. Ranar 17 ga Agusta 1943 ta rasa jirage 9 a harin Regensburg, ranar 8 ga Oktoba ta rasa 7 a Bremen, ranar 6 ga Maris 1944 ta rasa 15 a Berlin. Kowane jirgi mutum 10 ne a cikinsa, saboda haka mai karatu yana iya ninkawa da kansa.

Wani dattijo daga cikin masu kula da wurin, wanda aka haifa bayan yaƙin amma ya tashi cikin labarinsa, shi ya hau da mu saman hasumiyar, ya yi mana bayanin yadda ranar hari take kasancewa. Ana tashin mutane tun tsakar dare, a ba su ƙwai na gaske maimakon garin ƙwai da suka saba ci, wanda hakan kaɗai ya isa ya gaya wa mutum cewa yau akwai fita. Daga nan a shiga ɗakin bayani, a yaye labule daga kan taswira, kowa ya ga inda jan zare ya miƙa, idan ya yi nisa cikin Jamus sai ɗakin ya ɗauki gunaguni. Bayan jirage sun tashi, makanikai da masu ɗora bama-bamai ba su da abin yi sai jira, da la'asar kuma su taru a gefen fili, manyan hafsoshi su hau barandar da muke tsaye a kai, kowa yana duban gabas yana ƙirga. Jirgin da ya harbo jar wuta yana nufin akwai masu rauni a ciki, shi ake fara ba hanya, motar asibiti ta bi shi a guje. Waɗanda ba su dawo ba kuwa nan da nan ake kwashe kayansu daga ɗakunan kwana, domin kada sababbin da za su maye gurbinsu su tarar da hotunan matan wasu a jikin bango.

Ranar da ta fi kowace muni ita ce Lahadi 10 ga Oktoba 1943. Jirage 13 na wannan ƙungiya suka isa sararin birnin Munster na Jamus, jiragen Jamus suka yi musu rubdugu, cikin 'yan mintoci aka kakkaɓo 12. Wanda ya dawo shi kaɗai shi ne na Robert Rosenthal, wani lauya Bayahude daga Brooklyn wanda wannan ce fitarsa ta uku, ya lallaɓo da jirgin injuna biyu a mace da ƙaton rami a fiffike. Mutumin nan ya kammala adadin hare-haren da aka ɗora masa ya ƙi komawa gida, ya kai hari 52, an harbo shi sau biyu ya tsira, bayan yaƙi kuma ya shiga cikin lauyoyin da suka yi aiki a shari'ar Nuremberg, inda aka gurfanar da shugabannin gwamnatin Hitler. Na tsaya a barandar ina ƙoƙarin kwatanta halin mutanen da suka ƙirga ɗaya, suka ci gaba da duban sama har magariba ba su ƙirga biyu ba. Daga cikin mutum 120 da ke cikin waɗancan jirage wasu sun diro da lema an kama su fursunoni, wasu kuma sun ƙone a kujerunsu.

Akwai abin da ya kamata a faɗa game da wannan rana, kuma dattijon bai ɓoye shi ba da na tambaye shi: abin da aka umarci jiragen su auna a Munster tsakiyar gari ne, inda gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran talakawa suke, kuma ɗaruruwan fararen hula sun mutu a ƙasa. Haka nan ya gaya mana, ganin mu baƙaƙe ne ko kuma don ya saba faɗa wa kowa, cewa babu baƙar fata ko ɗaya a cikin ma'aikatan waɗannan jirage, saboda sojan Amurka a ware yake bisa launin fata har zuwa 1948, amma baƙaƙen sojoji injiniyoyi suna cikin waɗanda suka zuba kankaren wasu filayen, har da na Eye da ke kusa da nan. Mun sha shayi a wata rumfar kwano irin ta sojoji, muka saka abin da ya sawwaƙa a akwati, muka koma Norwich da yamma.

Zuwa Kambirij ni kaɗai na yi, domin ƙanena ya koma aikin dare. Jirgin ƙasa ya bi ta Thetford da Ely, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha a kan fam 80 kwana ɗaya, a lokacin kuwa fam guda ya haura naira 2,000, saboda haka na hana kaina lissafi don kada barci ya gagare ni. Ɗakin gado ne da tebur da butar dafa shayi, bayan gida kuma babu buta, sai da na yanke robar ruwa na yi dabara. A titin Mill Road na sami abincin halal, shinkafa da naman rago wurin wasu Turkawa a kan fam 12, na kuma yi sallar isha'i a babban masallacin garin da aka buɗe a 2019, wanda ginshiƙansa na katako suka miƙe suka sarƙe a rufi. Ban taɓa ganin masallaci mai irin wannan gini ba.

Da safe na ɗauki tasi zuwa Madingley, kimanin kilomita 5 yamma da gari, direban ɗan asalin Bangaladash ne, ya ce yawancin waɗanda yake kai wa can Amurkawa ne masu neman kabarin kaka ko kawu. Maƙabartar sojojin Amurka da ke can tana kan gangaren wani ɗan tudu, fili ne mai eka 30 da rabi wanda Jami'ar Kambirij ta bayar, an fara binne mutane a cikinsa a 1943, aka buɗe shi a hukumance a 1956, kuma wata hukumar gwamnatin Amurka ce take kula da shi har yau. Shiga kyauta ne. Daga gindin dogon sandan tuta mutum zai hangi kaburbura sama da 3,800 a jere cikin layuka masu lanƙwasa, kowanne da farin dutsen marmara, yawanci gicciye, nan da can kuma tauraron Yahudawa. Ciyawar a aske take daidai wa daida, ban ga ganye ɗaya a yashe ba duk da kaka ta shigo itatuwa suna zubarwa.

Na bi layukan a hankali ina karantawa. Kusan kowane dutse yana ɗauke da suna, da muƙami, da ƙungiya, da jihar da mutum ya fito, da ranar mutuwa, amma babu ranar haihuwa, saboda haka dutsen ba ya gaya maka cewa yawancin masu kwanciyar nan ba su wuce shekara 25 ba, wasu ma ba su kai 20 ba. Ba a ware hafsa da kurtu ba, kanar yana iya kasancewa gefen saje. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne idan na ci karo da suna na biyu da na uku masu ƙungiya ɗaya da rana ɗaya, ɗaya daga Ohayo, ɗaya daga Teksas, ɗaya daga Niyok, sai in gane cewa jirgi guda ne ya faɗi da su. Da yawa daga waɗanda ke nan a cikin Ingila suka mutu: wasu jiragensu sun yi karo cikin hazo lokacin da ɗaruruwan jirage ke neman jeruwa da asuba, wasu sun faɗi wajen tashi da cikakken lodin bama-bamai da mai, wasu sun dawo da rauni sun cika a asibiti. Waɗanda aka harbo a kan Turai a can aka binne su, a maƙabartu irin na Ardennes a Beljiyam da Margraten a Holan. Bayan yaƙi kuma an ba iyalai zaɓi, mafi yawansu suka nemi a kai musu gawar gida, don haka abin da ido ke gani a nan ragowa ne.

A gefe guda, tsakanin sandan tuta da ɗakin ibada, akwai doguwar katanga ta farin dutse da tafkunan ruwa a gabanta, wadda aka sassaƙa wa sunaye 5,127 na waɗanda ba a sami gawarsu ba. Yawancinsu sojojin sama ne da teku ta haɗiye tsakanin Ingila da Turai, da sojojin ruwa da suka nitse a Atilantika. Gumaka huɗu suna tsaye a jikinta, sojan ƙasa da na sama da na ruwa da mai tsaron gaɓa. Wata ma'aikaciyar wurin ta nuna mini sunan Joseph Kennedy ƙarami, yayan shugaba John Kennedy, wanda jirgin da aka cika da nakiya ya tarwatse da shi a sararin Suffolk ranar 12 ga Agusta 1944 kafin ya kai lokacin da zai diro, da sunan makaɗin nan Glenn Miller da ya ɓace a hanyar Faransa a Disamba na wannan shekara. Ta kuma nuna mini wasu 'yan ƙananan furanni na tagulla da aka liƙa a gefen wasu sunaye, ta ce alama ce cewa an gano gawar mutumin daga baya an tabbatar da shi. Har yanzu Amurka tana da hukuma mai wannan aiki, tana tura mutane su haƙa gonaki a Jamus da Faransa su tace ƙasa da rariya, a gwada ƙashi da jinin dangi, alhali waɗanda ba a gano ba daga wancan yaƙi sun haura 70,000. Na sa yatsa na taɓa ɗaya daga furannin, girmansa bai fi kwabo ba, kuma a bayansa akwai aikin shekaru da kuɗin da ba zan iya ƙiyastawa ba.

A nan ne tunanin gida ya zo mini, na zauna a wani benci na daɗe. Mu ba ma rubuta suna a kabari, kuma ban ga aibin hakan ba: a tara ƙasa, a kafa ɗan itace ko fasasshen tulu, bayan damina kaɗan wurin ya baje, mai rai ya ci gaba da yi wa mamacinsa addu'a, a kuma mai da sunansa ga jariri. Ba marmara nake sha'awa ba. Abin da ya dame ni shi ne rajista. Dubban 'yan Arewa sun tafi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa ce ma harshen da ake ba da umarni da shi a yawancin bataliyoyinsu, sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Arakan, da yawa kuma can aka bar su. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya, a saki tantabaru, a watse, amma ban taɓa halartar taron da aka karanta sunan mutum ɗaya daga Gwarzo ko Daura ko Azare da ya mutu a Bama ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila da kanta ta amsa a 2021 cewa an bar dubun dubatar 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba tare da an rubuta sunayensu kamar na Turawa ba. Wannan laifinsu ne, amma riƙon sakainar kashi da muka yi wa sunayen da ke hannunmu namu ne.

Kafin in fita na leƙa ɗakin ibadar, inda aka yi wa rufi ado da ƙananan duwatsu masu launi, hoton jirage suna tafiya a jere tare da mala'iku kamar yadda masu addinin suke suranta su, a bango kuma ƙatuwar taswira mai nuna hanyoyin da hare-haren suka bi. Ruwa ya fara tsattsafi, sanyi ya ratsa rigar da ƙanena ya ara mini, na koma gari a bas.

Washegari na tafi Duxford, kudu da Kambirij, tsohon filin jiragen yaƙi da ya zama babban gidan tarihi. Nan kam ana biya, na biya kusan fam 30, ga kuɗin tasi daga tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Sashen Amurka gini ne mai rufin kankare kamar ƙoƙo, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 1997, kuma hanyar shiga an jera mata allunan gilashi 52 da aka zana wa surar jirage 7,031, kowace sura tana madadin jirgin Amurka ɗaya da ya tashi daga Birtaniya bai dawo ba. An kasa su ƙungiya-ƙungiya, wani allon cike maƙil da ƙananan B-17 layi bayan layi. Mutum yana tafiya yana wuce su minti bayan minti, suna ƙin ƙarewa. Rundunar Sama ta Takwas kaɗai ta rasa mutum kimanin 26,000, wasu kimanin 28,000 kuma suka zama fursunoni.

A ciki na tsaya ƙarƙashin B-17 na gaske, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarsa idan aka gwada da jirgin da ya kawo ni daga Abuja, da kuma siraran farantan alminiyon da aka lulluɓe shi da su, waɗanda harsashi zai huda ba tare da ya rage gudu ba. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe da gilashi wanda bai fi babbar randa ba, nan ake cusa maharbi mafi ƙanƙantar jiki, ya ƙudundune gwiwoyi a kusa da kunnuwa da bindigogi biyu a gefensa, babu ko wurin lemarsa, sai ya bar ta a sama cikin jirgi. Suna tafiya ne a tsayin ƙafa 25,000, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye, a jiragen farko ma tagogin maharban gefe a buɗe suke. Wanda ya cire safar hannu don ya gyara bindiga fatarsa tana iya liƙewa a ƙarfe, wanda ƙanƙara ta toshe wa bututun iskar shaƙa kuwa cikin 'yan mintoci zai suma ya mutu ba tare da harsashi ya taɓa shi ba. A 1943 ana buƙatar mutum ya kai hari 25 kafin a sallame shi, daga baya aka ƙara zuwa 30, sannan 35, a wancan lokaci kuwa mafi yawan waɗanda suka fara ba su kai ga kammalawa ba.

Dalilin yawan asarar a bayyane yake ga wanda ya bi bayanan da ke bango. Manyan hafsoshin Amurka sun yi imani cewa jirage masu bindigogi goma sha wani abu, idan suka tafi a dunƙule da rana tsaka, za su iya kare kansu ba tare da rakiya ba, kuma da rana ne za a iya auna masana'anta daidai, sabanin Ingilishi da suka koma kai hari da dare. Jiragen rakiya na lokacin man su ba ya wuce iyakar Jamus, Jamusawa kuwa sai su jira su juya sannan su afka. Ranar 17 ga Agusta 1943 aka rasa jirage 60 a Schweinfurt da Regensburg, ranar 14 ga Oktoba aka koma Schweinfurt da jirage 291 aka sake rasa 60, sai aka dakatar da shiga can ciki har zuwa lokacin da jirgin rakiya P-51 ya samu da yawa a farkon 1944, wanda ke iya raka su har Berlin ya dawo. A ganina samarin 1943 an gwada ra'ayin manya ne a kan rayukansu, kuma an daɗe ana gwajin bayan sakamakon ya riga ya fito.

Da na koma Norwich na ba ƙanena labari, sai ya ce, "Yaya, kana ta jimamin masu jefa bam, waɗanda aka jefa wa fa?" Tambayar tana kan hanya, domin a Hamburg a Yuli 1943 mutum kusan 40,000 suka mutu, a Dresden a Fabrairu 1945 kimanin 25,000, a hare-haren da Ingila da Amurka suka yi tarayya a ciki, kuma babu sunan ɗayansu a katangar Madingley. Na ce masa gwamnatin da aka yaƙa ita ce wadda ta kashe Yahudawa miliyan 6 ta kuma ƙona biranen wasu tun kafin a ƙona nata, ya ce yaran Hamburg ba su suka zaɓe ta ba. Ba mu daidaita ba har matarsa ta kawo tuwo, jaririya kuma ta farka ta raba gardamar.

Ranar komawata ta faɗo Lahadi, ana gyaran layin dogo, sai aka sauke mu a tsakiyar hanya aka zuba mu a bas, abin da ya ƙara mini fiye da awa guda, na isa Heathrow ana dab da rufe karɓar kaya. Jakar da ta tafi da daddawa ta dawo da rigunan sanyi na yara da magungunan ciwon gwiwa na gwaggonmu. Duk wanda zai bi wannan hanya ya sani cewa gidan tarihin Thorpe Abbotts ba ya buɗewa a tsakiyar hunturu kuma sai da mota ake isa gare shi, Madingley kuwa a buɗe take kusan kowace rana ta shekara, tikitin jirgin ƙasa kuma idan aka saye shi ta intanet tun da sauran kwanaki yakan zo da sauƙi ƙwarai fiye da na ranar tafiya. Mun sauka Abuja da asuba, na kama motar Kano daga tashar Jabi, muka iso bayan la'asar.